Rakiyar Da Yayana Bai Samu Yi Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yayana ya riga mu. Ya cika da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta ƙarfe a bakin rijiyar gidanmu, jarida bisa cinyarsa, tabarau a hancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya fi gidansa yalwa.

Ni ne ƙanensa, kuma ni kaɗai na rage a ɗakinmu, don haka ni aka shimfiɗa wa tabarma a zaure ina karɓar gaisuwa. Ɗinki ne sana'ata. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, dogon rubutu kuma ba aikina ba ne. Abin da kunnuwana suka ji a zauren nan shi ya sa na ɗauki biro.

Mutane sun zo, ba laifi. Sun zo daga cikin birnin Daura, sun zo daga Dutsi da Baure inda ya taɓa koyarwa. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Ya haƙuri? Ai an yi rashin fitila." Wani ya ce, "Malam mai son ilimi ne, irinsa sai an tona." Mai shayin bakin titinmu har da share hawaye da gefen riga. Na dube shi kawai, don na san a teburinsa aka raɗa wa yayana suna Farfesan Zaure. A nan ake kwaikwayon tafiyarsa, ana ɗaga murfin kwalba a ido wai tabarau ne, ana shewa. Cikin masu cewa an yi rashin fitila, har da wanda in ya hango yayana tafe yake ce wa 'ya'yansa su bi ta bayan masallaci. Ba na cewa kada a yabi mamaci. Amma yabon da aka ɓoye wa mutum yana da kunnen ji, aka fito da shi bayan an rufe shi da ƙasa, ban san wa aka dafa wa shi ba.

Mutum ɗaya ne bai zo da yabon baki ba. Wani magidanci ne da yanzu yake koyarwa a jami'a. Ya shigo, ya tsaya ya zuba wa bangon zauren ido, sai ya fashe da kuka kamar yaro. Shi na san dalilin kukansa.

Wanda bai san zaurenmu ba, bari in gaya masa abin da ke bangon. Yayana malamin kimiyya ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Tun yana aiki yake da wata ɗabi'a. Duk inda ya ga sanarwa a jarida cewa wata jami'a tana neman ɗalibin digiri na uku, ko wata cibiya tana neman mai aikin bincike a fannin injiniya ko kimiyya, sai ya sa reza ya yanke, ya shafa ƙaro, ya manna a bango. Da jaridu suka ja baya, sai ya koma sa a bugo masa daga waya a kan takarda. Wata bisa wata, wata ta yi ja don tsufa, wata sabuwa fil. Matarsa ta sha cewa gara ce kawai take cin moriyar bangon nan.

Ba mannawa kaɗai yake yi ba. Tare hanya yake yi. In matashi ya zo wucewa sai ka ji, "Kai, ɗan wane ne kai? Me ka karanta? Da wane sakamako ka fito? To, me kake yi bisa acaɓa?" Yaro yana sunkuyar da kai, shi yana jan hannunsa zuwa bango. Yana da maganar da ba ya gajiya da ita: "Digiri ba rawani ba ne da za ka naɗa ka zauna a zo gaishe ka. Fartanya ce. In ba ka kai ta gona ba, tsatsa za ta ci." Da yawa sun gudu. Kaɗan sun tsaya. Magidancin da ya yi kuka yana cikin waɗanda suka tsaya, kuma daga kan babur yayana ya sauko da shi.

Ɗabi'arsa ta biyu ita ce ta igiya. Rijiyar gidanmu tsohuwa ce, kakanmu ya gina ta. Duk bazara ruwan yana ƙara nisa, sai an ƙara wa guga igiya. Kowane gida haka ake yi, a ƙulla a manta. Shi kuwa duk inda ya yi ƙari sai ya zo shagona ya tsinci jan ƙyalle ya ɗaura a mahaɗin. In ka miƙe igiyar a tsakar gida, sai ka ga jajayen ƙyallaye jere kamar an yi wa maciji ado. Yakan ce, "Ƙasa magana take yi mana kowace shekara. Mai fassara ne ba mu da shi."

Ya so ya zama shi ne mai fassarar. Yana saurayi ya samu gurbin ƙaro karatu mai zurfi, har an ɗinka masa kayan tafiya. Sai mahaifinmu ya kwanta ciwo, ya ce dole ɗaya daga cikinmu ya zauna ya riƙe gida. Ni a lokacin ina Kano ina yawon banza, aka aiko mini na ƙi dawowa. Shi ya kwance kayansa. Bai taɓa yi mini gori ba sai sau ɗaya, kuma zan zo wurin.

Cikin jikokinsa akwai wata yarinya, 'yar babban ɗansa. Tun tana ƙarama ita ke riƙe masa bakin igiya in yana aunawa. Wasan kaka da jika ya yi ƙarfi a tsakaninsu. Yana kiranta amarya, tana kiransa tsoho mai ran ƙarfe. Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu a fannin injiniyan ruwa, ta dawo gida ta zauna babu aiki. Abin da ke ranta shi ne ta gano me ya sa rijiyoyi da burtsatse suke ƙafewa a ƙauyukan Baure da Mai'adua, da yadda za a san inda ruwa yake tun kafin a ɓata wa talaka wahalarsa a haƙa.

Ta nemi gurbi a wurare da dama, ana dawo mata da haƙuri. Ranar da ta yi fushi ta ce ta daina, sai ya ce, "Amarya, ba ke aka ƙi ba, takardarki aka ƙi. Takarda kuwa ba ta da zuciya. Ɗauko ta mu gyara." Haka suka yi ta yi, yana gyara mata da jan biro kamar ɗalibarsa ta aji ɗaya.

Daga ƙarshe wata jami'a a ƙasar Gana ta ce za ta yi mata tambayoyi ta kwamfuta, suna ganinta tana ganinsu. A wani shago na kusa da kasuwa za a yi, kuma jikin shagon akwai injin niƙa. Yayana ya je tun da wuri ya roƙi mai injin ya kashe na ɗan lokaci. Mai injin ya ce to, amma da ya ga layin mata da kwanonin gero sai ya kai hannu zai tayar. Tsohon nan bai yi gardama ba. Ya tattare babbar rigarsa ya hau bisa injin ya zauna, ƙafarsa a kan bel.

"Malam, sauko mana, tuwon dare za mu yi!" in ji wata mata.

"'Yata, yi haƙuri. Wadda ke ciki ruwan tuwon take nemo muku."

"To ta nemo ruwan, mu ci da me?"

"Ku ci da haƙuri, shi ma abinci ne."

Bai sauko ba sai da yarinyar ta fito tana murmushi. Ya dawo gida fari fat da gari tun daga hula har takalmi. Garin nan ya yi dariyar wannan abu har ya gaji. Na ji an ba da labarin a zaman makoki ma, amma an sauya masa riga, wai shaida ce ta jajircewa.

Aka ɗauke ta. Karatun digiri na uku ne haɗe da aikin bincike, za su riƙa biyanta, ga ɗaki a masaukin mata. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: in ba ta iso ba a farkon zangon karatu, za a ba na bayanta gurbin.

A nan rigima ta tashi. Uban yarinyar, wato ɗan yayana, dillalin motoci ne. Ya tara mu a zaure ya ce, "Baba, mace ba ta doguwar tafiya sai da muharrami. Ba ni na faɗa ba, addini ne. Kuma yanzu shari'a muke yi a jihar nan."

Yayana bai musa ba. Ya aika aka kira limamin unguwa, ya tambaye shi. Liman ya ce maganar haka take.

"Madalla. To Malam, su wane ne muharramanta?"

Liman ya lissafa: uba, kaka, 'yan'uwanta maza, baffanni, kawunnai.

Yayana ya waiga ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ga su nan cike da zaure kamar buhunan gero. Shari'a cewa ta yi a raka ta, ba ta ce a tsare ta ba. Wa zai tashi?"

Ba wanda ya tashi.

Ya juya ga ɗansa. "Kai da ba ka rufa wata ba ka je Kwatano ba? Mota kake rakowa tun daga bakin teku har Mai'adua, kana kwana a cikinta don kada a ƙwarzane ta. 'Yar cikinka ce ba ka iya rakawa?"

"Baba, wannan kasuwa ce."

"Kakanninka da jakuna suka je Gwanja, can cikin Ganar nan, saboda goro, abin da ake taunawa a tofar. Wata da watanni suna tafe a ƙasa. Yau an ce ku je a zaune saboda ilimi, kun tuna da addini."

Gaskiyar magana, ba addini ne ya dami ɗan nan ba. Bakin majalisa yake tsoro, kada a ce ya saki 'yarsa ta shiga duniya ba ta yi aure ba. Wannan shi ne abin da yake ƙona mini rai har yanzu. Mu mazan gidan nan, in abu ya yi mana nauyi sai mu jingina shi da addini, mu koma gefe muna jan carbi. Liman bai hana ba. Littafi bai hana ba. Lalacinmu ne da tsoron bakin mutane, muka yafa musu alkyabba.

Sai ya dube ni. "Kai fa, ƙanena?"

Na ce gwiwata ba ta son dogon zama.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Sau biyu ke nan." Ba wanda ya gane sai ni.

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "To, ni kakanta ne. Ni zan kai ta."

Aka ɗauka wasa yake yi. Mutumin da hawan jini ya sa ko azumi sai da lallami. Amma washegari ya hau mota zuwa Katsina neman fasfo, ya yi ta sintiri har ya samu. Ranar da ya karɓo, sai da ya bi majalisa majalisa yana nuna hotonsa. Ya kawo mini farar shadda ya ce in ɗinka masa kaftani biyu, kada ya je ƙasar mutane ya kunyata amarya. Na ɗinka, kaina a ƙasa.

Ranar da ya gwada, jikar tana tsaye tana dariya. "Tsoho, kai da ba ka da haƙora, me za ka ci a can?"

"Ke dai ba ki da wayo. Don me kike tsammani na zaɓi Gwanja? Sakwara suke ci, haɗiye ta ake yi."

"In ka ɓace mini a tasha, ba zan neme ka ba. Sabon miji zan yi."

"Wa zai ɗauki mace mai warin burtsatse in ba ni ba?"

Kayansa a ɗaure suke, tafiya ta matso, Allah Ya yi ikonSa.

Ranar sadakar uku wani babban mutum ya zo gaisuwa, motoci na biye da shi. Ba zan faɗi muƙaminsa ba. Yayana ya taɓa zarya a ofishinsa don a taimaka wa yaran da suka samu gurbin karatu, ana ce masa ya fita, alhali ga motarsa a inuwa. Bayan addu'a sai ya gyara murya yadda na waje ma za su ji, ya ce ya samu labarin marigayi ya bar jika mai karatun ruwa. Don girmama shi, za a sama mata kujera a ofishin ƙaramar hukuma, kusa da gida, ba sai ta wahala zuwa wata ƙasa ba.

Zaure ya ɗauki kabbara. Uban yarinyar ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya. Wani ya ce, "Ka ga albarkar Malam tun ba a yi nisa ba."

Albarka? Na san irin kujerar. Tebur ne da fanka, a sa hannu da safe, a yi hira, a tashi da azahar. Abin da tsohon nan ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa, shi aka naɗe a takardar kyauta aka ajiye bisa kabarinsa, kuma da sunansa. Fartanya za a rataye a bango a ce an karrama manomi. Raina ya ɓaci, amma bakina ya yi nauyi kamar yadda ya saba.

Da la'asar matar yayana ta aiko a kira ni. Tana takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana. Jikar tana zaune a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Na ji an yi kabbara a zaure," in ji matar yayana. "Yaƙi aka ci?"

Na gaya mata abin da aka yi.

"Kai me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Ai na sani. Ina gidan nan tun kafin gemunka ya fito, ban taɓa jin ka ce komai ba." Sai ta turo wata jaka da ƙafa ta ƙarƙashin labule. Jakarsa ce ta tafiya. "Kai ka ɗinka kayan da ke ciki. Tsawonku ɗaya da shi. Ni dai ba zan ba almubazzarai su raba ba."

Na buɗe. Kaftani biyu a ninke, hula, maganin hawan jini. A ƙasa kuma ga tsohuwar igiyar nan a naɗe da jajayen ƙyallayenta. Ashe ya sauya wa guga sabuwa, wannan zai kai wa malaman can su gani da idonsu.

Bayan sallar magariba, kafin mutane su watse, na tsayar da liman a gaban kowa. Na ce, "Malam, ƙanen kaka muharrami ne?"

Ya ce, "Muharrami ne, babu shakka."

"To, ni zan kai ta."

Ɗan yayana ya taso. "Baffa, ai an riga an yi magana da manya. Kuma gwiwarka fa?"

"Gwiwata ce ko taka? Ka je ka ce wa babban mutumin nan mun gode, ya ba wani kujerar. In kana jin kunyarsa, ka ce masa baffanka ne ya haukace, ciwon gidanmu ne. Ka ba ni izini a gaban liman, ko kuwa ka ɗauki jakar nan ka kai ta da kanka. Zaɓi ɗaya."

Ya dubi liman, liman ya dubi carbinsa. Ya dubi mutane, ba wanda ya taya shi. Daga ƙarshe ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya." Ba da daɗin rai ya faɗa ba, amma ya faɗa.

Da na shiga gida na gaya wa yarinyar, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta. Da ta ɗago sai ta ce, "Wato tsoho ya gudu ya bar ni da ƙanensa? Gado mai ciwon gwiwa!" Na ce ta yi haƙuri, abin da ya rage a rumbu ke nan.

Sai da ta roƙi jami'ar ta ɗan ƙara mata lokaci kafin takarduna su fito, kuma saura ƙiris gurbin ya kuɓuce. Mun isa. Na sa farin kaftaninsa, ya zauna mini kamar don ni aka yanka. Malamar da za ta duba aikinta, wata dattijuwa mai furfura, ta tambayi ko ni ne kakan da aka ba ta labari. Yarinyar ta ce a'a, wakilinsa ne. Sai ta ciro igiyar ta miƙe ta a kan dogon teburin ɗakin bincike, tana yi musu bayani da Turanci. Ban ji abin da suke cewa ba. Na dai ga malamar tana bin ƙyallayen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta kira wasu su zo su gani. Ni kuwa na san kowane ƙyalle, daga ƙarƙashin kekena ya fito. Na fita waje don kada a ga dattijo yana kuka a ƙasar mutane.

Na damƙa ta ga wasu Hausawan da ke zaune a unguwar zango ta can da liman ya haɗa mu da su, na dawo. Gwiwar ta yi ciwo, ba ta kashe ni ba. Da ma can ba za ta kashe ni ba.

Bazarar bana guga ya sake kasa kaiwa ga ruwa. Na ƙara igiya, na ɗaura jan ƙyalle. An kawo shawarar a kankare bangon zaure a yi masa fenti, na ce sai bayan raina.

Ku da kuka ce an yi rashin fitila, na ji, na gode. In da gaske kuke, ba sai kun sake zuwa da carbi da doguwar fuska ba. A gidajenku akwai yaran da suka yi karatu suna zaune, maza da mata. Ku kamo hannunsu ku kawo su zauren nan. Takardar ƙarshe da ya manna tana nan daga hannun dama, kusa da ƙofa, kuma jikarsa tana aiko da sababbi ina mannawa. Ni ban iya gyara takarda da jan biro ba, amma na iya rakiya.

Allah Ya gafarta wa yayana, Ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Mu kuma Ya ba mu kunyar da za ta tashe mu tsaye tun muna da sauran numfashi. Amin.